Sanƙira da Sabon Mudu

Wata safiya cikin hunturu, lokacin da ake ta gabatar da kasafin kuɗi a majalisu, ina zaune a bencin mai shayin bakin layinmu, rediyonsa na rataye jikin ƙusa. An gayyato wani mai magana da yawun wata gwamnati. Ba sai na faɗi ko wace ce ba, domin a irin wannan lokaci duk tashar da ka murɗa za ka tarar da ɗan'uwansa yana faɗin irin abin da yake faɗa. Gaskiya Allah ya ba mutumin harshe. Muryarsa a kwance, Hausarsa ba gargada, yana jero alƙaluma kamar mai jan carbi: kasafi ya ninka, kuɗin shiga sun ƙaru, ana biyan albashi ba a ciyo bashi ba, kuma duk wannan hangen nesan mutum ɗaya ne tak, wato maigidansa. Ni kaina sai da zuciyata ta yi sanyi, na ce to ko dai mun kama hanya.

Kusa da ni akwai wani matashi mai tuƙa a-daidaita-sahu. Ya ce a haɗa masa shayi ba madara, a yanko masa burodi na ɗari biyu. Da aka miƙo masa yankan sai ya ɗaga shi yana dubawa, saboda sirantarsa har hasken fitila na ratsa shi. Bai ce uffan ba, ya tsoma, ya cinye a loma uku. Wani dattijo da ke ƙarshen benci, lulluɓe da mayafi, ya dubi yaron, ya dubi rediyo, ya ce, "Sun sake mudu." Ba wanda ya tanka masa. Ni kuwa maganar ta mayar da ni tsakar gidanmu, gaban kakata, domin a bakinta na fara jin labarin mudun da aka sake.

Ta ce an yi wani gari mai rumbun tsimi na jama'a. Kowace kaka, in an gama sussuka da shiƙa, kowane magidanci yakan kai wani abu daga tsabarsa a zuba. In damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, sai a buɗe a raba wa unguwanni, a biya 'yan ƙodagon da ke noman gandun gari, a sallami masu yasar rijiya. Ranar da aka rufe bakin rumbu kuwa ranar taro ce. Gari kan haɗu a ƙofar fada, Ma'aji ya raɗa wa Sanƙira yawan mudun da aka auna, Sanƙira ya ɗaga murya ya sanar.

Garin yana da larura biyu da kowa ya sani. Ta farko ruwa. Rijiya mai daɗi tana da nisa, saboda haka jakunan gari ke ɗebo ruwan, daga rumbu ake ciyar da su, mutane na samun tulu da arha. Sai dai wasu fadawa kan karɓi dusar jakuna hamsin alhali ashirin ne a turke, wasu kuma kan karkatar da ruwan zuwa ƙauyukan maƙwabta su sayar da tsada. Ta biyu mudu. Akwai mudun fada, babba mai zurfi, akwai na kasuwa, ƙarami. Wanda yake da hanya sai ya auno da na fada ya je ya sayar da na kasuwa, ya yi arziki bai taɓa riƙe fartanya ba.

Da tsohon Dagaci ya kau aka naɗa sabo, tun rawani bai gama zama a kansa ba ya ce daga yau jaki ba zai ƙara cin hatsin rumbu ba, kowa ya sayi ruwa a kuɗinsa. Magana ɗaya ya yi. Kafin a watse daga wurin naɗi, 'yan ga-ruwa sun ninka kuɗin tulu sau uku. Bayan mako biyu kuma ya ce mudu ɗaya za a yi a garin, kuma na kasuwa aka zaɓa. Aka kai wa maƙeri mudun fada, ya bubbuga gindin kwanon ya lotsa ciki, aka dawo aka ce bai yi daidai da kasuwa ba, ya ƙara bubbugawa. Kafin kaka, sai ka juye sabon mudu sau uku kafin ya cika tsohon na fada.

Kakata kan tsaya a nan ta ce mana kada mu yi gaggawar zagin Dagaci. Ɓarayin dusa gaskiya ne, masu mudu biyu gaskiya ne, kuma dattawan garin sun daɗe suna cewa in ba a toshe waɗannan kafofi ba wata rana za a buɗe rumbu a tarar da ɓera kaɗai. Laifin da za ta nuna mana, in ji ta, yana gaba.

Damina ta yi daidai gwargwado, ba fari ba ambaliya. Aka yi girbi, aka kai tsaba, aka haɗa da hatsin da jakuna ba su ci ba, Ma'aji ya auna da sabon mudu. Bara 2,000 aka samu. Bana 5,000.

Sanƙiran garin nan kuwa ba a taɓa yin irinsa ba. In ya buɗe baki, mata kan ajiye taɓarya su leƙo ta kan zana, yaro mai kuka ya yi shiru. Ya san inda ake ɗaga murya da inda ake kwantar da ita har sai kowa ya miƙo wuya. Ranar taro bai fara da alƙaluma ba. Ya fara da kakanni, ya tuna wa mutane shekarar da aka ci ganye, ya kira kowace unguwa da kirarinta har tsigar jikin mutanenta ta tashi. Sai da ya ga idanu sun kawo ruwa sannan ya sassauta murya ya tambaya, "Jama'a, bara nawa muka rufe?" Aka amsa, dubu biyu. Ya yi shiru, ya bar shirun ya yi tsawo. Sannan ya ƙwala, "Bana dubu biyar! Tun da aka kafa garin nan wa ya taɓa jin dubu biyar? A zamanin wa?" Wuri ya kaure da guɗa. Mutanen da suka fito ba su karya kumallo ba suka koma gida suna jin kamar sun ƙoshi.

Abin lura, in ji kakata, Sanƙira bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Bara dubu biyu ne, bana dubu biyar ne. Abu ɗaya kawai ya bari a cikinsa, wato girman mudun.

Da aka raba wa unguwanni kasonsu, kowane mai unguwa ya ga nasa ya ninka. Sai kowannensu ya nemi maroƙinsa. Mai Unguwar Gabas ya sa aka yi shela cewa iya tattalinsa ne ya sa bana bai ci bashin kowa ba. Mai Unguwar Yamma ya shafe zaurensa da farar ƙasa, ya tara mutane ya nuna musu, ya ce haka shugaba mai kishi yake yi. Ba wanda a cikinsu ya ƙara kunya ɗaya a gona, daga fada aka aiko musu. Iyalan tsohon Dagaci su ma suka fito suka ce ai su suka gina rumbun, su suka fara shawarar korar jakuna, yabon nasu ne. Aka kwashe wata guda ana musu a dandali kan wanda ya cika rumbu. A duk tsawon musun ba a ambaci ruwan sama ba, ba a ambaci mai fartanya ba, ba a ambaci matar da ta rage wa 'ya'yanta tuwon dare don ta sayi tulun ruwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yan ƙodagon gandu suka kai kuka, aka zauna da su, aka ja aka ja, daga bisani aka ce ladansu ya tashi daga mudu uku zuwa bakwai. Sanƙira ya zagaya gari da wannan ma, ya ce ba a taɓa yin mai tausayin talaka irin wannan ba.

To, akwai wata tsohuwa a bakin kasuwa, kowa Iya mai awo yake ce mata. Shekara arba'in tana auna hatsi, har tafin hannunta ya yi kanta a daidai inda take share bakin mudu. Da aka karɓe tsofaffin mudun fada, nata bai shiga hannu ba, domin ta daɗe da mayar da shi kwanon ba kaji ruwa. Jikanta yana cikin 'yan ƙodago. Ranar da ya kawo ladansa na farko yana murna, sai ta zubar da ruwan kajin, ta goge kwanon da gefen zanenta, ta juye hatsin a ciki. Ya cika sau biyu, na ukun ko rabi bai kai ba. Yaron ya tsaya yana kallon kwanon. Ya ce, "Iya, ai bakwai aka ce." Ta ce, "Bakwai ɗin ke nan, ɗan nan."

Ranar Juma'a bayan an sauko, fada ta cika, sai ga Iya da sandarta, kwano a hammata, ƙullin hatsi a ka. Ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, cigiya na kawo."

Dagaci ya ce, "Me ya ɓace miki, Iya?"

Ta ce, "Hatsi. Allah ya ja zamaninka, an ce an ƙara wa jikana lada, na kuma yarda, don a gabansa aka auna. Amma da uku muke kaiwa Laraba, yanzu da bakwai Litinin tukunya ta huta. Na ce ko a hanya yake zubewa, na duba buhun ba huda. Shi ne na zo a taya ni dubawa."

Ta kwance ƙullin, ta auna a gaban kowa da tsohon kwanonta. Ɗaya. Biyu. Sai ɗan abin da ya rufe gindin kwano. Fada ta yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan tsamiya.

Ma'aji ya sunkuyar da kai. Sanƙira ne ya miƙe, fuskarsa a sake. Ya ce, "Allah ya ƙara wa Iya lafiya, uwarmu ce, ita ta auna wa iyayenmu. Amma jama'a ku dubi abin da ke hannunta. Wannan ba shi ne mudun da aka cuce mu da shi ba? Ba da shi ɓarayin fada suka gina soraye ba? Yau da Allah ya raba mu da shi, kwanon kaji za a ɗauko a auna mana zamani? Mai haƙuri yakan dafa dutse. Wa ke son a koma gidan jiya?" Aka ce ba kowa. Ya ƙara tambaya, aka ƙara amsawa da ƙarfi. Wasu samari suka yi dariya. Iya ta ƙulle hatsinta, ta yi sallama, ta dogara sandarta ta fita. Sanƙira ya ci wannan zama, kuma ko ɗaya daga cikin tambayoyinsa bai taɓa abin da ta tambaya ba.

Bayan sallar isha, Iya na shirin kwanciya, ta ji sallamar yarinya a zaure. 'Yar Sanƙira ce, da ƙwarya a lulluɓe.

"Iya, wai in ji Innarmu a ranta mana gero mudu biyu zuwa ranar kasuwa." Ta ɗan yi jim, sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "Wai in da hali a auna da na kajin."

Iya ta auna mata, ta ƙara mata da ɗan gyara. Shi ma Sanƙira da mudu ake biyansa.

A daren nan dai Dagaci ya aiko aka tafi da ita ta ƙofar baya. Ya sallami fadawa, ya ce, "Iya, kin kunyata ni a gaban jama'a. So kike in mayar da jakuna da mudu biyu?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni mai awo ce, ban san mulki ba. Wataƙila abin da ka yi dole ne. Amma hatsin da ke cikin rumbun nan na san inda ya fito, don ta hannuna ya bi. Na tulun ruwa ne da mata suka saya ninki uku. Na tuwon daren da aka mayar kunu ne. Mutane sun ba ka shi ba don suna da shi ba. Da ka fito ka ce musu, jama'a, mudu ya ƙanƙance, in aka auna da na bara abin da muka tara bai kai na bara ba, kuma wanda ke ciki daga bakin 'ya'yanku aka ɗebo, na gode, ga abin da zan yi muku da shi, wallahi da sun ƙara maka haƙuri. Sai aka ce su ne za su gode. Wanda aka yanki namansa aka yi miya, ba a ce masa ya yaba wa mai girki."

Dagaci ya daɗe bai ɗago ba. Da kaka ta zagayo aka sake taro, Sanƙira ya sanar da 7,000, muryarsa na nan yadda take. Fadawa suka yi guɗa. Mutanen gari kuwa rabinsu ba su zo ba, waɗanda suka zo kowa da ɗan kwanonsa a hammata.

Nan kakata take tsayawa. Ni ma da nan zan tsaya, amma abin da na ji a rediyon mai shayi ya hana ni.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a wurin rantsar da shugaban ƙasa a Abuja, jimla ɗaya aka furta cewa an janye tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a garuruwanmu, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000 a Abuja. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji wuri ɗaya, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta kai wajen 1,500 a 2024. Tunda da dala ake sayar da ɗanyen mai, duk dalar da ta shigo yanzu takan haifi naira ninki uku. Shi ya sa kuɗin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda a farkon 2023 suke wajen naira biliyan 700, suka haura tiriliyan 1 a 2024. Kason kowace jiha ya ƙaru, ta mai ƙwazo da ta mai barci.

Kasafin tarayya na 2023 naira tiriliyan 21.83 ne, an gina shi a kan dala ɗaya naira 435. Na 2025 tiriliyan 54.99 ne, a kan dala ɗaya naira 1,500. Ɗalibin sakandare zai iya rabawa: na farkon wajen dala biliyan 50 ne, na biyun bai kai biliyan 37 ba. In an ce talaka ba ya cin dala, to mu auna da abin da yake saye. A 2019 da aka sa mafi ƙarancin albashi naira 30,000, litar mai 145 ce, albashin ya sayi lita sama da 200. A Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, bayan wata uku ya zama kuɗin lita 70 ko ƙasa da haka. Uku da bakwai ke nan na jikan Iya. Haka nan hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 34.8 ne a Disambar 2024, a Janairun 2025 kuma 24.48, bayan ta sabunta ma'aunin lissafinta daga shekarar 2009 zuwa 2024. Sabunta ma'auni aikin masana ne, ba laifi a ciki. Laifin yana wuyan wanda ya ɗauki alƙaluman biyu ya jera su a gaban jama'a kamar da mudu ɗaya aka auna su.

Ban zo musu a kan janye tallafi ba. Manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023 duk sun yi alkawarin janye shi, kasafin da gwamnatin baya ta bari ma zuwa Yuni kawai ya tanadi kuɗinsa. Masana na da hujjojinsu, kuma ɓarayin dusa ba tatsuniya ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda aka aiko wa kaso daga Abuja ya hau mumbari ya ce dabararsa ce, a tara mata da matasa cikin rana su yi masa tafi, alhali kuɗin daga aljihun mai a-daidaita-sahun nan suka fito, shi da ya daina shan madara.

Mu mutane ne masu girmama magana, shi ya sa take cin mu. Mun ji Ɗanmasanin Kano Maitama Sule yana jawabi manya na share hawaye. Iyayenmu sun bi Malam Aminu Kano ƙauye-ƙauye don su ji bakinsa, wasu sun sha ɗauri saboda haka. Abubakar Rimi ma ai ba baya ba ne wurin iya zance, amma da shi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, makiyayi bai buƙaci a fassara masa ba, a garkensa ya gani. Harshe irin wannan amana ce. Mai shi zai iya sa mayunwaci ya jure shekara, in ya faɗa masa gaskiyar abin da ake jurewa. In kuwa romon baka aka yi ta ba shi, ran da ya gane, ko gaskiya aka zo da ita ba zai saurara ba, kuma mun ga yadda titunan Kano da Kaduna suka kasance a farkon Agustan 2024 da yunwa ta yi magana da kanta.

Ban kira sunan wanda nake zargi ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Roƙona ga masu hawa mumbari da masu rubuta musu jawabi shi ne, in lokacin kasafi ya zo ku faɗi tiriliyoyinku, amma ku haɗa da buhun masara nawa albashin malamin firamare zai saya bana, nawa ya saya shekara uku da suka wuce. Ku faɗi nawa ne jiharku ta tara da guminta, nawa aka aiko mata. Ku nuna asibitin da aka zuba wa magani da ajin da aka yi wa rufi, da sunan garin, don mai shakka ya je ya gani. Sannan kafin ku nemi tafi, ku fara gode wa mutanen da suka biya.